Ajiya Muna Yi, Lissafi Ne Ya Yi Mana Ƙaranci

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi in yi magana kan tattalin kuɗi da zuba jari, musamman ga mutanenmu na Sakkwato da kewaye.

Ana yawan yi mana nasiha mu riƙa ajiya, sai ka ce ba ma yi. Alhali da wuya ka shiga gida a Mabera ko Gidan Igwai ko Runjin Sambo ka rasa mai zubin adashi, ko tunkiya a turke, ko 'yan kunnen gwal a ƙasan akwati, ko buhun gero a lungun ɗaki. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mutum ya zauna da biro da takarda ya tambayi kansa abu uku kafin ya saki kuɗinsa: nawa wannan abu zai ci kafin ya kawo riba, me zai iya lalata shi, kuma ranar da na matsu, cikin kwana nawa zan mayar da shi kuɗi, a kan wane farashi?

A fara da naira kanta. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato wanda ya ɗaure naira miliyan ɗaya a ƙarshen 2023 ya tura ƙarƙashin katifa, ya kwance ta bayan shekara, miliyan ɗaya zai ƙirga ba ko kwabo da ya ɓace, amma kayan da za ta saya masa na kusan naira dubu 742 ne a farashin bara. Wanda ya kai tasa asusun ajiya na banki bai tsira ba. Ka'idar Babban Banki ita ce a biya mai irin wannan asusu aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin kuɗin ruwan da shi Babban Bankin ya yanke, kuma a ƙarshen 2024 ma'aunin yana kan 27.5, wato mai ajiya yana samun 8.25. Ko ga wanda bai ƙyamaci kuɗin ruwa ba, wannan bai toshe ko kwatan ɓarnar ba. Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya haddace: raba 72 da yawan kason da abu yake ƙaruwa a shekara, za ka sami shekarun da zai ɗauka ya ninka. In farashi yana hawa da kashi 24, cikin shekara uku kaya sun ninka kuɗi. In jarinka yana kawo kashi 12, sai ya yi shekara shida kafin ya ninka. Mai wannan jari baya yake ci, ko da kowace shekara yana ganin ƙari a takarda.

Duk da haka, ba a fara zuba jari da kuɗin farko da aka tara. Na farko shi ne littafi. Mai shago ya yanka wa kansa albashi, a ce kaza a mako, ya ɗauka ranar da ya sa, cefanen gida da man babur da kuɗin makarantar yara duk su fito daga nan. Hannun da ke shiga aljihun shago sau biyar a yini, ɗari biyar nan, dubu biyu can, shi ke cinye uwar kuɗi, kuma mai shagon ba ya ganewa sai ranar da ya je sari ya tarar kuɗin ba su kai na kayan da ya saba ɗaukowa ba. A nan ma hauhawar farashi tana da tarko. Ka sari katan a dubu 20, ka sayar a dubu 23, ka ce ka ci dubu uku. Ka koma wurin dila ka tarar katan ya zama dubu 24. Ribar da ka riga ka kashe daga jikin jarinka ta fita. A lokacin tashin kaya, da farashin sarin gobe ake auna riba. Sannan a ware wa zumunci kasonsa tun farkon wata, na biki da suna da ta'aziyya da ɗan'uwan da zai zo da takardar asibiti. Wannan hidima ba ta yankewa a ƙasarmu, kuma bai kamata ta yanke ba, amma in ba ta da gurbi a lissafi jari take ci.

Na biyu shi ne kuɗin ko-ta-kwana, gwargwadon abin da gida ke ci a wata uku, in da hali wata shida. Waɗannan kuɗi ba a neman riba da su, an ma san hauhawar farashi za ta ɗan gutsure su. Amfaninsu shi ne ranar da rashin lafiya ta faɗo ba sai an ja rago zuwa kasuwar dabbobi ta Kara an sayar da shi a farashin mai matsuwa ba, don dillali yana gane mai matsuwa tun daga tafiyarsa. Wurin ajiyarsu banki ne mai lasisi. Ga mai gudun kuɗin ruwa akwai Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ na 2019, da Lotus na 2021, kuma asusun mudaraba da suke buɗewa rabon riba ne, ba adadi yankakke ba, yana hawa yana sauka. A kuma san iyakar kariyar da ake da ita. Tun 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan biyar a manyan bankuna, miliyan biyu a ƙananan bankunan talakawa. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na 2024, abin da bai wuce miliyan biyar ba shi aka fara biya, abin da ya haura kuwa sai jiran a sayar da kadarorin bankin. Mai miliyan tara gara ya raba su banki biyu. Sannan wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta nuna cewa ɗan abin cefanen mako guda ya kamata ya kasance a hannu.

Adashi abu ne mai kyau, don yana tilasta wa mutum zubi, amma ba ya haifar da ko sisi. Mutum goma masu zuba dubu 20 a wata, kowa dubu 200 zai kwasa, sai dai dubu 200 na wata na goma ba su kai na watan farko ba. Mai kwasar farko bashi ya ci ba ruwa, mai kwasar ƙarshe shi ya ba da bashin, kuma shi ke ɗauke da haɗarin wanda ya kwasa ya daina zubi. Don haka a yi ƙuri'a, ko a juya layi a zagaye na gaba, sabon shiga ya tsaya a baya, kada zagaye ya wuce shekara, uwar adashi kuma ta rubuta kowane zubi a gaban mai shi. Wanda ya kwasa ya san abin da zai saya tun kafin ranar ta zo, in ba haka ba kuɗin a hidimar gida za su narke. Masu zagayawa karɓar zubin kullum kuwa, waɗanda ke riƙe zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansu, kashi uku da ɗoriya cikin ɗari suke ɗauka duk wata. A san da wannan.

Yanzu ga kiwon turka, wanda kowa ke ganin ya iya. Mu ɗauki misali da lambobi masu saukin lissafi, kowa ya musanya su da farashin ranar. An sayi rago a dubu 150 wata uku kafin Babbar Sallah. Abincinsa a ce naira 700 a rana, cikin kwana 90 ya ci dubu 63. Magani dubu biyar, kuɗin mota da la'ada dubu bakwai. Ya tashi a kan dubu 225. In an sayar a dubu 270, riba dubu 45. Raguna goma, dubu 450, abin sha'awa a takarda. To ɗaya ya mutu: tara aka sayar, miliyan biyu da dubu 430, an kashe miliyan biyu da dubu 250, riba ta dawo dubu 180. Biyu suka mutu, an yi asarar dubu 90, ba a ma sa wahalar yaron da ya yi wata uku yana ɗebo ruwa da share turke ba. Kenan sana'ar gaba ɗayanta a kan hana mutuwa da rage tsadar abinci ta tsaya.

Wurin saye ake fara cin riba ko faɗuwa. A nemi rago mai ƙashi da tsayi wanda ya rame don yunwa, ba don ciwo ba. Balami da Uda sun fi ɗaukar nama da cika ido a kasuwar Sallah. A buɗe baki a duba haƙora: mai manyan haƙora biyu a gaba ya haura shekara, ya isa layya ba gardama, kuma yana kan ganiyar girma. Tsoho mai cinyayyun haƙora abinci kawai zai ɓata. A guji mai majina, mai tari, mai dattin zawo a gindi, mai fararen idanu in an ja fatar ido ƙasa, don wannan alamar ƙarancin jini ce, galibi daga tsutsar ciki. Wanda aka kawo daga Achida ko Illela a ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida, a ba shi maganin tsutsa, a kira malamin dabbobi ya yi masa rigakafin annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, wadda in ta shiga garke ba ta tsayawa kan ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika wa sabon rago kwano da dusa ko hatsi ranar farko don a ga ya yi saurin ƙiba. Tumbinsa bai saba ba, abincin ya yi tsami a ciki, ciki ya kumbura, kafin safiya ya mutu. Ana farawa da harawa da ciyawa, a riƙa ƙara dusa da kowa, wato ɓawon wake, kaɗan kaɗan cikin kwana goma zuwa mako biyu. Yawan dusa babu isasshen ruwa kuma yana sa wa rago tsakuwa a mafitsara, ka gan shi yana nishi yana ƙoƙarin fitsari ba ya fita. Ruwa mai tsabta kada ya yanke a gabansa, da gishirin lasa. Harawa da kowa a saye su da kaka a adana a inuwa, don wanda ya bari sai bazara zai saya ɗauri ɗauri ya riga ya miƙa wa mai harawa rabin ribarsa. Sannan kada a riƙe rago har jajibere don kwaɗayin ƙari. Shekarar da dabbobi suka cika kasuwa, farashi a kwana biyun ƙarshe yake karyewa, kuma ragon da ya kwana bayan Sallah ya koma farashin mahauta.

Ba zan tsallake maganar tsaro ba. Ba wa ɗan'uwa a ƙauye shanu ya riƙe maka tsohuwar hanyar ajiya ce, amma a gabashin jihar nan, wajen Sabon Birni da Isa da Goronyo, kowa ya san abin da ɓarayin daji suka mayar da garke. Dukiyar da za a iya korawa cikin dare ɗaya kada ta zama ita ce dukan abin da mutum ya mallaka.

Sayen hatsi da kaka a sayar da damina shi ma mutane sun ɗauke shi kamar ba ya faɗuwa, saboda shekarun da suka biyo bayan cire tallafin mai a 2023 sun saba musu da tashi kawai. Waɗanda suka cika sito a ƙarshen 2024 da tsada sun ga akasin haka a 2025, lokacin da farashin masara da gero da shinkafa ya sauko, bayan gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji. Wanda ya yi da kuɗinsa ya ji jiki, wanda ya yi da bashi ya fi shi. Rufe iyakar Nijar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023 ya isa ya nuna wa mai fatauci ta Illela cewa sanarwa ɗaya daga Abuja tana iya juya kasuwa. Ga wanda zai adana, wake shi ne mai saurin lalacewa. Buhun PICS mai ninki uku yana maganin ƙwaro ba tare da guba ba: leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowanne daban, ƙwarin su mutu don rashin iska. Sharaɗinsa hatsi ya bushe sarai. A gwada da busasshen gishiri a cikin kwalba, a zuba hatsi a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar da sauran danshi. A ɗora buhunan kan katako nesa da bango, don huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin, kuma kada a riƙa buɗewa ana dubawa. Albasa ta fi wannan wuya. Buhu ɗari da aka zuba a rudu, wato rumbun adana albasa, bayan girbi, in tsakanin bushewa da ruɓa ya dawo saba'in, sai farashi ya tashi da kashi 43 kafin a mayar da uwar kuɗi kawai, ba a zo kan kuɗin tsincewa da dako ba. Haramcin ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke cikin matsi kuwa sananne ne, mai shiga wannan harka ya tambayi malamai iyakarta tun da wuri.

Iyayenmu mata da ke sayen gwal sun fi da yawa daga cikin maza dabara, don gwal yana bin farashin duniya da na dala, naira ta faɗi shi ya tashi. Amma wadda za ta saya don ajiya ta tambayi farashin giram, ta sa a auna a gabanta, ta karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat. Hatimin 750 karat 18 ne, 875 karat 21, 916 karat 22. Kuɗin ƙira da na duwatsun ado ba sa dawowa ranar sayarwa, don haka sarƙa ko awarwaro marar tarkace ya fi riƙe kuɗi. Fili shi ma yana riƙe daraja, sai dai ba ya sayuwa ranar da aka matsu, kuma rigimarsa ta fi ribarsa saurin zuwa. Kafin a biya a binciki takarda a ma'aikatar filaye, in na gado ne kowane magaji ya sa hannu, a tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta.

Akwai hanyar da mutanenmu ba su cika sani ba, alhali an tsara ta ne don masu gudun kuɗin ruwa, wato sukuk na gwamnatin tarayya, wanda Ofishin Kula da Basussuka ke fitarwa. Ana tara kuɗin jama'a a gina hanyoyi, gwamnati ta yi hayar hanyoyin, ta riƙa biyan masu kuɗin haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Na farko an fitar da shi a 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, haya kashi 16.47, kuma an biya masu shi a 2024. Na 2025 ya zo da kashi 19.75. Mafi ƙarancin shiga naira dubu goma ne, daga nan a ƙara dubu dubu. Ana bukatar asusun banki da lambar BVN, a cika fom ta hannun banki ko dillalin hannun jari mai rajista, kuma kwanaki kaɗan ake buɗe ƙofa a rufe. Mai miliyan ɗaya a na 2025 yana karɓar naira 98,750 duk wata shida. Inda yake da rauni shi ne hayar ba ta motsi. Waɗanda suka shiga na 2020 a kan kashi 11.2 sun zauna suna kallon hauhawar farashi ta ninka hayarsu sau uku a 2024, kuma wanda ya nemi sayar da nasa kafin wa'adi dole ya karya, don ba mai sayen takardar kashi 11 a cikakken kuɗinta alhali ga wadda ta fi ta biya a kasuwa. Saboda haka kuɗin da aka san ba za a nema ba sai wa'adi su ake kai wa can, kuma ba duka a fitowa ɗaya ba. Takardar ajiya ta gwamnati da ake sayarwa duk wata daga naira dubu biyar daban take, ita kuɗin ruwa take biya, kada a haɗa su.

Hannun jari kuwa mallakar wani yanki ne na kamfani. Masana'antar siminti ta Kalambaina da muke ganin tireloli na fita daga cikinta ta kamfanin BUA Cement ce, wanda ke kasuwar hannun jari ta ƙasa tun 2020, kuma malamin makaranta a Arkilla yana iya mallakar ɗan yanki a ciki kamar kowa. Misali na kawo, ba shawarar saye ba. Ana buɗe asusu wurin dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, a sami lambar CSCS inda ake rubuta hannun jarin da sunan mai shi, a cika fom ɗin da zai sa rabon riba ya riƙa faɗawa asusun banki kai tsaye, bayan an cire harajin kashi goma. Mai son tantance halal ya duba jerin kamfanonin da ke cikin ma'aunin Musulunci na Lotus a kasuwar, wanda ba ya ɗaukar bankunan ruwa da kamfanonin giya. Amma a tuna da 2008. Daga watan Maris na shekarar zuwa farkon 2009 kasuwar ta zube da kusan kashi 70, kuma waɗanda suka ci bashin banki suka saya su ne ba su farfaɗo ba. Kuɗin shekara biyar zuwa sama ake sa wa, a rarraba a kamfanoni daban daban, a riƙa saye kaɗan kaɗan.

Ma'aikacin da ke tsarin fansho na karo-karo, inda ake cire masa kashi takwas mai aiki ya ƙara goma, yana iya neman a mayar da kuɗinsa asusu na shida, marar ruwa, wanda aka buɗe a 2021. Mai shago kuma ya tuna gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021. Takaful, inshorar da aka gina kan taimakekeniya, tana nan, kamfanoni irin su Noor da Jaiz Takaful suna yi.

Masu ninka kuɗi ba sa bukatar doguwar muhawara, lissafi ya ishe su. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta bi sahu a Afrilun 2025 bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana talatin. Abin da ke ninkawa duk wata, dubu ɗari za ta zama sama da miliyan 409 a shekara. Mai irin wannan sana'a me zai yi da dubu hamsin ɗinka? Kuɗin sabon shiga ake biyan tsoho da su, shi ya sa suke matsa maka ka kawo mutane, shi ya sa kuma biyan farko ke zuwa a kan lokaci. Takardar rajistar kamfani ta CAC da suke nunawa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, wannan SEC ke bayarwa, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta. Sa wa abu sunan Musulunci ko kawo wani mai rawani wurin buɗe ofis bai canza lissafin ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga masu wannan damfara, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin marayu.

Zakka ta shiga lissafi tun farko, kada ta zo wa mutum ba shiri ya rasa tsabar da zai fitar. Nisabi dinari ashirin ne, kimanin giram 85 na zinari, ana fitar da kashi biyu da rabi in shekara ta zagayo. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai shagon da kayansa ke juyawa kullum yana yi musu ƙima duk shekara ya haɗa da tsabar kuɗinsa, wanda kuwa ya saya ya ajiye yana jiran kasuwa sai ya sayar yake fitarwa. Gwal na kwalliya ba ya da zakka, wanda aka saya don ajiya yana da ita. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha tana nan ga mai neman sanin nisabin lokacin.

To yaushe za a ce mutum ya tsaya da ƙafarsa? Lokacin da abin da kadarorinsa ke kawowa ya ɗauki nauyin gidansa ba tare da an taɓa jikinsu ba. Gidan da ke cin dubu 150 a wata yana bukatar miliyan ɗaya da dubu 800 a shekara. A takarda, sukuk na miliyan tara da 'yan kai a kan kashi 19.75 ya biya wannan. A zahiri, wanda ya cinye hayar duka zai karɓi miliyan taransa bayan shekara bakwai ya tarar ba sa sayen rabin abin da suke saye a da. Dole wani kaso na kowace riba ya koma cikin jari, kuma dole a gauraya: abin da ke biya a kan lokaci kamar sukuk, abin da ke tashi tare da farashi kamar gwal da gidan haya da hannun jari, da sana'ar da mutum ya sani da hannunsa. Mai albashin dubu 70 ba zai fara da wannan duka ba. Zai fara da dubu biyar ko bakwai da za a cire ranar da albashi ya shigo, kafin a biya mai shago, ya cika kuɗin ko-ta-kwana, sannan ya sayi tunkiya ko ya shiga sukuk da dubu goma.

Duk abin da aka mallaka kuma a rubuta shi wuri ɗaya: lambar asusu, sunan dillali, takardar fili, wanda ake bi da wanda ke bi, a sanar da mutum biyu amintattu inda takardar take. Sunan na kusa da ake rubutawa a fom ɗin banki ba ya mayar da mutum magaji, banki sai ya ga takardar kotu kafin ya saki kuɗin mamaci, kuma asusun da ya yi shekara goma ba a taɓa ba Babban Banki ake mayar wa kuɗinsa, sai magada sun bi sawu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarku ta riƙa buga farashin dabbobi da hatsi da albasa na Kara da Achida da Illela duk mako, ta kuma sanar da Hausa duk ranar da aka buɗe sayar da sukuk da ranar rufewa, don sanarwar da Turanci take fitowa, kafin labari ya iso 'yan kasuwarmu an riga an rufe.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Sakkwato.